“Na Manta”: Uzuri Ne, Ko Kuwa Laifi?

Akwai wata magana da muke faɗi kowace rana ba ma jin nauyinta. Maganar nan ita ce “na manta.” Yaro ya bar awaki sun shiga gonar maƙwabci, ya ce ya manta. Maigida ya dawo daga kasuwa ba gishiri ba kanwa, ya ce ya manta. Dattijo bai zo taron da shi da kansa ya sa wa rana ba, shi ma haka. Da an faɗe ta sai zance ya mutu, gama wa zai kama mutum da laifin abin da ya fice masa daga kai ba da nufinsa ba? Abin da nake so mu duba tare ke nan: mutumin da ya manta da alkawari, ya yi laifi, ko kuwa tsautsayi ne ya same shi?

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina nuna wasu da yatsa.

Bara da rani, wata tsohuwa gwauruwa cikin ikilisiyarmu ta samu takardar asibiti. Tana zaune a wani ƙauye, tafiyar rabin sa'a daga Dakoro a kan moto cikin rairayi. An ce ta koma ranar Talata da safe, kada ta ci kome, za a ɗebi jininta. Ba ta da mai kai ta. Bayan sujada ta nuna mini takardar, na ce mata, “Inna, kada ki damu, ni zan zo in ɗauke ki.” Nan take na fid da wayata na sa ta ta yi mini ƙara ranar Talata da ƙarfe 7. Na ji daɗi a raina, na ce wannan kam ba za ta wuce ni ba.

Ranar Talata waya ta yi ƙara a kan lokaci, ko minti ɗaya ba ta makara ba. Na ɗauka don in kashe ƙarar, sai na ga saƙonni sun taru a gurup ɗin danginmu. Ana gardama a kan iyakar gonar gado. Ƙanena da ke Agadas ya aiko da saƙon murya, irin wanda yara ke kira bokal, mai tsawo ƙwarai. Na saurara, raina ya ɓaci, na mayar masa da amsa. Kafin ya amsa, na buɗe wani hoton ambaliya da aka aiko, daga nan na ga wani yana faɗin kuɗin raguna. Ina cikin haka aka yi sallama a ƙofa, aka ce in zo in duba rufin majami'a. Na sa waya a aljihu na fita. Sai da la'asar, da na ga wata mata ta wuce riƙe da karne na asibiti, gabana ya faɗi.

Da na isa ƙauyen, jikanta ya ce tun da sassafe ta fito ta zauna gindin aduwa a bakin hanya, takarda a hannu, ba ta sa kome a baki ba sai bayan azahar. Na durƙusa na ce, “Inna, ki gafarce ni, na manta.” Ta ce, “Ba kome, ɗana. Ai na san ayyuka sun yi maka yawa.” Wannan amsa ta fi zagi zafi a wurina, gama na san ayyuka ba su yi mini yawa ba. Da safen nan ba ni da abin da ya fi ɗauko ta muhimmanci.

To, mu yi wa mantuwa adalci tukuna. Mantuwa halin ɗan adam ce, ba wanda ya fi ƙarfinta. Har akwai wurin da Littafi Mai Tsarki ya mai da ita hanyar alheri. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an umarci manomi, in ya manta da dami a gona lokacin girbi, kada ya koma ya ɗauko, ya bar wa baƙo da maraya da gwauruwa. Da a ce mantuwa kanta zunubi ce, da ba a yi mata irin wannan doka ba. Kuma da ba ma mantuwa, da wane aure zai kai shekara 30? Kowace baƙar magana da aka taɓa gaya maka tana nan sabuwa kamar ta jiya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. Tunawa iri biyu ce. Akwai tuna abin da ya wuce, kamar sunan kakanka ko shekarar da fara ta cinye hatsi. Wannan tana da sauƙi, domin tambaya ce ke tashe ta: an tambaye ka, ka lalubo, ka faɗa. Akwai kuma tuna abin da ke gaba, kamar “ranar Talata zan ɗauko Inna.” Wannan ita ce mai wuya, gama ranar Talata ba wanda zai tambaye ka. Dole abin ya taso da kansa a daidai sa'arsa, alhali hankalinka yana wani wuri. Ba mutumin da zai iya umartar zuciyarsa ya ce, “Jibi da hantsi ki kawo mini kaza,” ya tabbata za ta yi biyayya. Saboda haka mai cewa “na manta” sau da yawa gaskiya yake faɗi.

Amma gaskiyar ba ta ƙare a nan ba. Ka tuna da mai shayarwar Fir'auna a Farawa sura 40. Yusufu ya fassara masa mafarki a kurkuku, ya roƙe shi abu ɗaya tak, ya ambace shi a gaban sarki. Bayan kwana 3 aka mai da mutumin bakin aikinsa. Bai ƙi Yusufu ba, bai yi masa ƙulli ba, mantawa kawai ya yi. Yusufu ya ƙara shekara 2 cur a ɗaure. Ranar da mutumin ya tuna, shi da bakinsa ya kira abin laifinsa. Me ya sa? Domin shi mantuwar ba ta rage shi da kome ba, yana fada yana cin daɗi. Wani ne ya biya kuɗinta. Haka take kullum. Ni na manta, Inna ce ta wuni da yunwa a gindin aduwa.

Labarin da ya fi kama ni yana 1 Sarakuna sura 20. Wani annabi ya ɓad da kama ya tare Sarki Ahab a hanya, ya kawo masa ƙara kamar soja ne. Ya ce a tsakiyar yaƙi an danƙa masa wani kamamme ya tsare, da sharaɗin in ya kuɓuce ransa ne a madadin nasa, ko kuwa ya biya azurfa mai yawa. Sai hidimomi suka ɗauke masa hankali, ya juya wajen wannan ya juya wajen wancan, ya waiwaya ba mutum. Sarki bai tsaya dogon bincike ba, ya ce ai shi da kansa ya yanke wa kansa hukunci. Ka lura, sojan nan bai yi barci ba, bai sha giya ba, ba a ba shi toshiya ba. Aiki yake ta yi. Sai dai duk ayyukan da ya yi ba su ne aka ba shi ba.

Ga inda na tsaya bayan na daɗe ina juya abin. Laifin ba ya cikin sa'ar da ka manta. A sa'ar nan ba ka da iko. Laifin yana can baya, ranar da ka buɗe baki ka ce “zan zo.” Mai yin alkawari abu biyu ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba: zai zo, kuma zai yi dabarar da za ta sa ya tuna. Tun da ka san kanka mai mantuwa ne, na biyun ma yana wuyanka. In maƙwabci ya ba ka ajiyar jika 10, ka sa a aljihun da ka san ya huje, kuɗin suka zube a hanya, ba wanda zai kira ka ɓarawo. Amma in ka ce “ba laifina ba ne,” dattawa za su tambaye ka, ka san aljihun a huje yake ko ba ka sani ba? Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Mai ɗaukar kaya kuwa shi ke neman gammo da igiya.

Wani zai ce, “To, Malam, ai kai ka yi dabara, ka sa a waya.” Gaskiya ne, kuma nan ne maganar zamaninmu ta shigo.

Ni ba na cikin masu zagin waya. Na girma lokacin da in uwarka ta rasu kana Kano wurin cin rani, sai an samu direba mai zuwa a ba shi wasiƙa, ko a kai sanarwa gidan rediyo, kafin ka ji an yi kwanaki da rufe ta. Kamfanin Celtel ya fara wayar salula a Nijar a 2001. Sunan ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, ta ga zuwan waya ya rage bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan alheri ne a tukunyar talaka. Yau mutumin Sakabal ko Kornaka yana jin kuɗin tiya a Maradi kafin ya ɗora buhu a amalanke. Wanda bai yi lakwal ba ma yana aika saƙo da muryarsa. Ba abin rainawa ba ne.

Amma ka yi tunanin uwar da ta aiki yaro ya sayo gishiri, ta ce, “In ka manta abin da na aike ka, je tsakiyar kasuwa wurin masu kiɗa da mai wasa da kura, na bar maka saƙo a can.” Yaron zai tarar da saƙon, ba shakka. Sai dai yaushe zai dawo? Babbar waya mai shafawa kasuwa ce da ba ta watsewa, dare da rana tana ci. Ni kuwa a tsakiyarta na ajiye alkawarin Inna. Ƙarar ta kira ni don in tuna da mutum ɗaya, da na shiga sai na tarar da mutum 40 kowa yana jan rigata.

Kada kuma ka ce rashin ƙarfin halinka ne kaɗai. Kamfanoni irin su Facebook da TikTok da YouTube, yawancin kuɗinsu daga talla suke samu, talla kuwa tana biya gwargwadon daɗewar idonka a wurin. Don haka aka gina su yadda in hoto ɗaya ya ƙare wani ya biyo ba tare da ka nema ba. Wata malama a jami'ar Kalifoniya, Gloria Mark, ta yi shekaru tana auna yadda masu aiki da kwamfuta ke tsayawa a kan abu ɗaya kafin su juya zuwa wani. A 2004 ta samu kamar minti 2 da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. Daga baya ya koma wajen 47. Waɗannan masu ilimi ne a ofis. Balle ni da na fara riƙe irin wannan waya da furfura a gemu. Tun da na san haka, aljihuna a huje yake, kuma na sani.

Iyayenmu ba su fi mu ƙwaƙwalwa ba, dabara suka fi mu. Kakata in za ta kasuwa da saƙon mutum uku, ƙulli uku take yi a bakin zanenta. In an sa ranar biki saura kwana 12, sai a zuba tsakuwa 12 a ƙoƙo, kowace safiya a fid da ɗaya. Mai bin bashi yana jan layi da gawayi a bangon ɗaki. Alkawari kuwa ba a sa shi a sarari haka kawai, sai a jingina shi da abin da ba ya ɓata: ranar kasuwar gari kaza, tsayuwar wata, bayan an sha ruwa, in an gama noman fari. Makiyayi a kwarin Tarka bai taɓa manta ranar da layin shayarwa a rijiya ya zo kansa ba, gama kukan shanu yana gaya masa. A makarantar mishan da na yi, ba mai agogo sai malami. Tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a itace, in an buga shi kowa ya san abu ɗaya ake nufi.

A Littafin Ƙidaya sura 15 ma irin wannan dabara aka ba Isra'ilawa. An ce su sa geza a bakin rigunansu da zare shuɗi, domin duk sa'ad da ido ya faɗa a kai su tuna da umarnan da aka ba su. An san za su manta, shi ya sa aka ɗinka musu tunin a jikin tufa.

Duba abin da ƙulli da tsakuwa da zaren nan suka yi tarayya a kai. Kowannensu magana ɗaya gare shi, in ya faɗe ta ya yi shiru. Ƙullin zane bai taɓa ce wa kakata, “Tun da kin dube ni, tsaya ki ji abin da ya faru a Agadas” ba. Kuma yana zaune daidai inda hannu zai taɓa shi a lokacin aikin. Na ji cewa wani masanin Girka, Sokaratis, wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, ya yi gunaguni a kan rubutu kansa, wai zai sa mutane su daina riƙe abu a ka. Ina ganin ya yi kuskure, ko da yake tsoronsa ba na banza ba ne. Jingina da abu na waje ba aibu ba ne, dukanmu muna yi. Abin tambaya shi ne, in madogarar ta kira ka, wurin aikinka take mai da kai, ko wani wuri take kai ka?

Wannan ba maganar taron dattawa kaɗai ba ce, akwai inda rai ke ciki. Tun 2013 ake raba wa yara ƙanana a ƙasarmu, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, maganin kariya daga masassarar damina, wata-wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko ma'aikata ne ke ba yaro a gabansu. Na rana ta 2 da ta 3 a hannun uwa ake bari. Ba mai zuwa ya tambaye ta, ga noma, ga daka, ga ɗiban ruwa. Haka allurar jarirai: sati 6, sati 10, sati 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9. Haka mai tarin fuka da zai sha magani kowace rana har wata 6, wanda in ya riƙa tsallakewa ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani. Matata ta koya wa surukarmu ta ɗaura jan zare a ludayin da take dama wa yaro koko, maganin kuwa yana can sama inda hannun yara ba ya kai. Da ta ɗauki ludayi da safe, zaren ya faɗi maganarsa. Ranar da magani ya ƙare ta kwance shi, gama zaren da ya zauna kullum ido yakan saba da shi har ya daina ganinsa.

Masana sun gwada wani abu mai kama da wannan. Wani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya ce “in abu kaza ya faru, zan yi kaza” ya fi cika niyyarsa bisa wanda ya ce “zan yi” kawai. Ai abin da tsofaffi ke yi ke nan. Kada ka ce “gobe zan kai wa Malam kuɗin adashe.” Ka ce “in na gama ba tumaki dusa, kafin in wanke hannu, zan kai.”

A gidanmu yanzu almanaka tana rataye a bakin ƙofa, da bik ɗaure da zare a jikinta. Da dare bayan tuwo, kafin addu'a, kowa yakan faɗi abin da ya ɗauka na gobe da babbar murya. Abin mamaki, autarmu mai shekara 9 ta fi kowa riƙewa, kuma ba ta jin kunyar tuna wa ubanta. Babbar wayata tana kwana cikin kwano a ɗaki, ba na taɓa ta sai na duba almanaka na yi abin farko da ke kanta. Ba kullum nake cin nasara ba. Ran da ake jiran labarin mara lafiya, a ƙarƙashin matashi take kwana.

Na san akwai waɗanda wannan ba zai yi musu ba. Ɗan kabu-kabu da dillalin dabbobi, abincinsu a cikin waya yake, ba za su rufe ta a kwano ba. Wani dillali abokina waya biyu gare shi: ƙarama mai maɓalli don kira da ƙara, babbar kuwa sai ya zauna shan shayi da yamma. Akwai kuma tsofaffin da ƙwaƙwalwa ta fara gajiya, da mai ciwo, da wadda ta kwana uku ba barci saboda jariri. Waɗannan in sun ce sun manta, a karɓa hannu biyu, nauyin tunawa ya koma kan na kusa da su.

Abu ɗaya kuma da na gano game da kaina, ba daɗin faɗi. Ban taɓa manta ranar da za a biya ni kuɗi ba. Ban taɓa manta kiran babban mutum ba. Waɗanda nake mantawa da su su ne waɗanda ba za su yi mini faɗa ba. Har “in Allah ya yarda” da muke ƙarawa a ƙarshen alkawari, wadda Yakubu ya koya mana don mu san ranmu ba a hannunmu yake ba, sau da yawa mun mai da ita ƙofar baya. Muna faɗinta don kada a ce mun ƙi, alhali tun a wurin ba mu yi shirin zuwa ba. Da na ce wa mutum “ba zan iya ba” ya nemi wani, da ya fi masa. Shi ya sa yanzu nake rage yawan “zan yi,” ko da za a ce dattijo ya yi rowar baki.

An sake ba Inna wata rana bayan sati 2. Daren ranar na ɗaura tsumma a hannun moto, na rubuta a almanaka, na gaya wa auta. Da asuba na fito tsakar gida, sai na ga mutum zaune a kan moto cikin duhu. Jikan Inna ne. Ashe tun jiya da yamma ta sa shi ya biyo amalanken masu kawo itace, ya kwana gidan ƙanwar uwarsa a nan cikin gari. Na ce, “Kai, yaro, me kake yi a nan?” Ya ce, “Baba, kaka ta ce in zauna a kai, kada in sauka sai kun hau.”